Ilmi da Sana'a: Karatun Zoben Launi a Jiddari Polo

A watan Janairu na shekarar 2021 ne 'yan tayar da ƙayar baya suka sa nakiya suka kayar da turakun babbar wayar da ke kawo wa Maiduguri wutar lantarki daga Damaturu. Ma'aikata suka yi ta fama har suka mayar da wuta cikin watan Maris, amma ko mako guda ba a yi ba aka sake kayar da wasu turakun. Haka babban birnin Jihar Borno ya yi wata da watanni cikin duhu, abin da ya sa daga baya aka gina masa tasharsa ta kansa mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. Mutanen gari kuwa ba su naɗe hannu suna jira ba. Mai hali ya sayi farantin hasken rana da batir da inbata, mai matsakaicin ƙarfi ya sayi janareta, talaka ya nemi fitila mai caji da 'yar fanka, ya riƙa kai wayarsa shagon masu caji. Kayan nan suna nan a gidaje har yau, kuma kowannensu yana da ranar lalacewa.

A unguwa irin Jiddari Polo, wadda ke bakin gari daura da Barikin Giwa, ba a jefar da abu don kawai ya daina aiki. Unguwa ce da ta sha hare-hare, har da na 2017 da na 2018, mutanenta kuma sun san zafin nema. In inbata ta mutu, ko rediyo, ko fitila, sai a nufi rumfar mai gyara, a ajiye masa a tebur, a ce ya duba don Allah. Sau da yawa ba shi ne zai fara buɗewa ba, yaronsa ne. To, abin da magidanci ya yi shekara yana tara kuɗinsa ya shiga hannun yaron nan ke nan, kuma tashinsa ko mutuwarsa ta ƙarshe na iya ratayuwa a kan wani ɗan karatu da bai fi na mako guda ba.

Wanda ya leƙa cikin ɗaya daga na'urorin nan zai ga wani allo, galibi kore, an daddasa masa ƙananan abubuwa kamar an yi shuka. Cikinsu akwai wani mai kama da ƙwayar shinkafa, da ƙafar waya ɗaya a kowane gefe, an kewaye cikinsa da zobba masu launi daban-daban. Masu gyara suna kiransa rizista. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san irin aikinsa, gama mai lambu yakan ɗebi ƙasa ya rage bakin magudana don kada ruwa ya yi wa fangali yawa ya kwashe iri. Haka rizista yake tare wa wuta hanya, ya bar daidai gwargwadon da ake bukata ta wuce. Ana auna wannan tarewa da ma'aunin da ake kira om, sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe wanda a 1827 ya bayyana ƙa'idar abin: in ƙarfin da ke tura wuta bai sake ba, aka ninka tarewar sau goma, wutar da ke wucewa za ta koma kashi ɗaya cikin goma. Akwai rizista mai om 10, akwai mai om miliyan, kuma girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya. Zobban nan ne kaɗai ke faɗin wane ne wane.

Asalin wannan rubutu daga Amurka yake. A shekarun 1920, lokacin da rediyo ya fara shiga gidaje, ƙungiyar masu ƙera rediyo ta can ta shirya shi, domin buga lambobi a jikin abu ƙarami haka yana da wuya, in ma an buga sukan goge, ko kuma su faɗa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa bayan an manne abin a allo. Zobe kuwa ta ko'ina aka duba za a gan shi. A 1952 hukumar duniya mai daidaita ƙa'idodin kayan lantarki, wadda ke da mazauni a ƙasar Suwizalan, ta karɓi tsarin ya zama na kowa. Shi ya sa rizistan da aka ciro daga tsohon rediyon Japan da wanda ke cikin fitilar da aka ƙera bara a ƙasar Sin harshe ɗaya suke yi.

Launukan goma ne, kowanne da lambarsa. Baƙi shi ne sifiri, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan goro 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Turawa suna da 'yan waƙe-waƙensu na tuna jerin, amma mai karatu ba ya bukatarsu, domin daga ja zuwa shunayya jerin bakan gizo ne sak, yadda ake ganinsa bayan an ɗauke ruwa da damina. Abin da ya rage shi ne a tuna an faro daga duhu, watau baƙi da ruwan ƙasa, an ƙare da haske, watau ruwan toka da fari. A rizista mai zobe huɗu, zoben farko da na biyu lambobi ne, na uku yana faɗin sifiri nawa za a ƙara a bayansu. Na huɗu, wanda yakan ɗan ware gefe guda, ruwan zinariya ne ko na azurfa, kuma shi ke faɗin iyakar abin da rizistan zai iya ɗarawa ko ya gaza: zinariya kashi 5 cikin 100, azurfa kashi 10. Ana riƙe abin ne yadda zoben zinariyar zai kasance ta dama, sa'an nan a karanta daga hagu. Ruwan ƙasa, baƙi, ja, zinariya, ya zama 1 da 0 da sifiri biyu, watau om 1,000, kuma in an gwada aka sami wani abu tsakanin 950 da 1,050, lafiyarsa ƙalau. Rawaya, shunayya, ja ya zama om 4,700.

Iyakar karatun ke nan a takarda. Amma fa akwai wani tarko da littattafan Turanci ba su san da shi ba, domin a bakin Bahaushe yake. Kalmar ja a Hausa faɗi gare ta ƙwarai. Ana cewa jan doki, da jar ƙasa, da jan goro, da jan jini, har mutum mai hasken fata ma ja ne, alhali kuwa in aka jera su ba wanda ya yi kama da wani. Launuka uku da ke jere a tsarin nan, ruwan ƙasa da ja da ruwan goro, watau 1 da 2 da 3, duk Bahaushe zai iya kiransu ja bai yi ƙarya ba. In a zoben farko aka yi kuskuren, da ɗan sauƙi. In a na uku ne, to, an ninka abu sau goma ko an raba shi goma. Maigida yana can ƙuryar rumfa da ƙarfen narka dalma a hannu, ya tambayi yaro mene ne zoben uku, yaro ya ce ja ne, shi ke nan an gama da na'urar mutane. Har sunan ruwan lemo da wasu ke ba launi na 3 bai raba gardama ba, gama lemon kasuwanninmu yakan nuna alhali ɓawonsa kore ne ko rawaya. Kore kansa ma, a bakin marina, suna ne na rigar da ta sha baba har ta yi baƙi.

Ga misalin abin da kuskuren ke jawowa. A ce za a haɗa ɗan jan ƙwan nan da ke nuna na'ura tana kunne da batir mai bolt 12. Ƙwan yakan ci wajen bolt 2, saura 10 su faɗa kan rizista. In an sa mai om 1,000, watau ruwan ƙasa, baƙi, ja, wutar da za ta wuce miliamfiya 10 ce, ƙwan ya yi haske ya daɗe. In aka ɗauko ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, om 100 ke nan, wutar ta ninka sau goma, ƙwan ya ƙone, rizistan kansa ya ɗauki zafin wat guda alhali don rubu'in wat aka yi shi, ya fara hayaƙi. In kuma ruwan goro ne a zoben uku, om 10,000, hasken zai dushe har a zaci wani abu ne dabam ya lalace, a shiga cire lafiyayyun kaya. Wannan a kan ƙwai ne na 'yan kuɗi kaɗan. A cikin inbata, ko na'urar da ke tsakanin farantin hasken rana da batir, 'yan rizistoci ne ke gaya wa na'urar ko batir ya cika. In aka musanya ɗaya da wanda ba shi ba, sai ta yi ta ɗura wa batir wuta bayan ya ƙoshi har ya kumbura, ko ta riƙa yanke caji tun bai kai ko'ina ba. Batir kuwa yana cikin mafi tsadar kayan da mai gida ya saya.

Kada a ce laifin ido ne. Garin da ake ɗinkin hular Zanna Bukar, inda mai ɗinki ke rarrabe zare iri-iri masu kusan launi ɗaya ba tare da ya yi shakka ba, ba za a ce 'ya'yansa ba su iya ganin launi ba. Suna ne ba a tsayar ba. Lalle akwai waɗanda aka haifa idonsu ba ya raba ja da kore, abin da ya fi yawa ga maza, kuma irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, sai dai a sa shi ya riƙa gwada kowane rizista da mita. Sauran kuwa abin da suke bukata shi ne kowace rumfa ta tsayar da suna ɗaya ga kowane launi, da Hausa ko da Barbarci, kada a sake shi, kuma kada a karanta zobe a ƙarƙashin fitila mai dishi-dishi. A fito da shi hasken rana, a goge ƙurar da ta rufe shi.

Akwai kashi na biyu na karatun, wanda ya fi na farko daɗi, amma masu gyara kaɗan ne suka damu da shi. Ba kowace lamba ce ake ƙera rizistanta ba. Yaro zai biya kuɗin keke daga Jiddari Polo ya shiga gari, ya bi shaguna yana neman mai om 500, a yi ta ce masa babu, ya komo yana zargin 'yan kasuwa. Da wuya ya samu, domin lambar ba ta cikin jerin da masana'antu suka saba bi. Jerin da aka fi sani lambobi 12 ne: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82. Daga nan sai a ƙara sifiri a sake zagayowa, 100, 120, 150, har zuwa miliyoyi. Da ganin farko sai a ce wanda ya tsara su bai iya lissafi ba, amma kowace lamba ta ɗara ta bayanta da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuma da gangan aka yi haka. Rizista mai zoben azurfa da aka rubuta masa 47 yana iya kaiwa 51.7, wanda aka rubuta wa 56 kuma yana iya saukowa 50.4. Ashe 50 tana cikin inuwar 47 tun can, ƙera mata nata rizista ɓarnar kuɗi ce. Masu zoben zinariya, da yake sun fi tsantseni, jerinsu ya ninka ya zama 24, aka cusa irin su 11, 13, 16, 20, 24, 30, 36, 43, 51, 62, 75 da 91 a tsakani.

Dabarar ta girmi rediyo. A shekarun 1870 wani injiniyan sojan Faransa, Charles Renard, ya tarar rundunarsu tana ajiye igiya mai kauri iri 425 don ɗaure manyan balan-balan masu tashi da mutane. Ya zauna ya tsara kaurin yadda kowace igiya za ta ɗara ta bayanta da kaso ɗaya tabbatacce, sai iri 17 suka wadatar. Irin wannan tunani aka bi wajen jerin rizista, aka kuma tabbatar da shi a 1952 tare da tsarin launuka.

Amfanin haddace jerin ga mai gyara ya wuce sanin abin da zai tambaya a shago. Jerin shi ne alƙalin karatunsa. Zafi da tsufa sukan kashe launi, shunayya ta koma kamar shuɗi, ja ya koma kamar ruwan ƙasa. In yaro ya karanta rawaya da shuɗi, 46 ke nan, kuma babu 46 a jeri, sai ya san 47 ce, shunayya ce ta koɗe. In ya ga ja da shuɗi, babu 26, 27 ce. In ya ga kore da shunayya, babu 57, 56 ce. Shuɗi a farko, a jerin 12, ruwan toka ne ke bin sa, ruwan toka a farko kuwa ja ke bin sa. Wanda ya san haka yana iya karanta rizistan da rabin zobensa ya ƙone. In kuma lalle om 500 ake so, sai a sa mai 510 ko 470 inda aikin bai da tsanani, ko a haɗa masu om 1,000 guda biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, su ba da 500 cif. In an jera su ɗaya na bin ɗaya kuwa, tara lambobinsu ake yi.

Wurin da ya fi haɗari shi ne inda zinariya ko azurfa ta fito a zobe na uku. A nan ba sifiri ake ƙarawa ba, rabawa ake yi, zinariya da 10, azurfa da 100. Ruwan ƙasa, baƙi, zinariya om 1 ne tak. Ja, ja, azurfa kuwa 0.22 ne, bai kai rubu'in om ba. Mai gyaran da ya ɗora mita a kan lafiyayyen irinsa zai ga kusan sifiri, sai ya ce ai wannan da waya duk ɗaya ne, ranar da ya tarar da wanda ya ƙone ya ɗauko guntun waya ya haɗe wurin. Wannan mugun aiki ne, ko da na'urar ta tashi a gaban mai ita. Irin waɗannan ƙananan rizistoci, a bakin shigar wuta cikin caja ko kusa da manyan tiransistoci, an sa su ne ko don su tsinke in wuta ta yi yawa, kamar fis, ko don na'ura ta auna wutar da take ja ta kāre kanta. Wanda ya maye gurbinsu da waya ya cire mai gadi ya bar ƙofa buɗe, kuma cajar nan a ɗaki za ta kwana kusa da katifa. Har wa yau rizista ba ya cika ƙonewa haka kawai. Galibi wani tiransisto ne ko wani abu a bayansa ya harɗe ya jawo masa wutar da ta fi ƙarfinsa, in ba a nemo shi ba sabon ma zai bi sawun tsohon.

Wani abin da launi ba ya faɗi shi ne yawan zafin da rizista zai iya jurewa. Wannan a girman jikinsa ake gane shi: akwai na rubu'in wat, da na rabin wat, da na wat guda zuwa sama. Ana iya sa babba a gurbin ƙarami in lambarsu ɗaya, amma ba a sa ƙarami a gurbin babba. Masana'antu da yawa suna ba da wannan awo ne bisa sharaɗin zafin wurin bai wuce digiri 70 ba, daga nan juriyar takan fara raguwa. A Maiduguri, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin inbata da aka ajiye a ɗakin kwano ba shi da nisa da wannan iyaka. Mai gyara mai hankali a Borno, in ya ga rizista ya yi baƙi don zafi kuma akwai fili a allo, yakan sa wanda ya ɗara shi girma.

Sababbin kaya sun zo da nasu salo. Akwai rizista mai shuɗin jiki da zobe biyar, wanda uku na farko lambobi ne, na huɗu sifiri, na biyar kuma yawanci ruwan ƙasa, ma'ana kashi 1 cikin 100. Shi wannan yana da wuyar sha'ani, domin launi ba ya fita sosai a kan shuɗi, kuma yana iya farawa da ruwan ƙasa ya ƙare da ruwan ƙasa. Ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ja, ruwan ƙasa om 10,000 ne, amma in aka juya shi aka karanta ta baya sai ya ba da 120, kuma duka biyun lambobi ne da ake ƙerawa. A nan jeri ba zai yi ceto ba, sai mita. In za a gwada, a ɗaga ƙafa ɗaya daga allo, in ba haka ba sauran kayan da ke haɗe da shi za su sa mita ta nuna ƙasa da gaskiya. Kafin a taɓa komai kuma a zare na'ura daga wuta, a sauke cajin babban kafasito, domin yana iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an kashe. Cikin wayoyin hannu da sauran kayan zamani kuwa rizista ya koma ɗan baƙin ƙwaro marar ƙafa, wasu da lamba a bayansu, amma ƙa'idar ba ta sake ba: 472 na nufin 4 da 7 da sifiri biyu, om 4,700, daidai da rawaya, shunayya, ja. 103 kuma om 10,000 ne. Inda aka ga harafin R a tsakiya, kamar 4R7, yana tsaye ne a madadin ɗigo, watau om 4.7.

Ana koyar da duk wannan a sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat da Jami'ar Maiduguri, amma yawancin masu riƙe da ƙarfen dalma a unguwanni ba ta can suka biyo ba. A gaban maigida suka koya, da kallo da aike. Saboda haka nauyin yana wuyan masu rumfuna, kuma wasunsu, sai an faɗi gaskiya, sun gwammace yaro ya shekara uku yana ciro kaya daga mataccen allo yana dasawa a wani bisa kamanni, don kada ya yi saurin tsayawa da ƙafarsa. Abin da ake ɓoye masa launi 10 ne da lambobi 12, jimla 22, ba su kai yawan haruffan boko ba.

Kayan koyarwar ma suna zube a ƙarƙashin tebur. A sami kwali, a ciro rizistoci daga allunan da suka mutu, a manna su a jere, a rubuta sunan launi da lambarsa a gefen kowanne da harshen da ake yi a rumfar, a kafe a bango inda haske ke faɗawa. Kowace safiya kafin masu kawo gyara su fara zuwa, maigida ya zuba wa yaro guda goma a tafin hannu, ya karanta kowanne da baki, ya faɗi ko lambar tana cikin jeri, sa'an nan a ɗora mita a gani.